Awa Saba'in da Biyu

Shafi biyu suka ce, kada ya wuce.
Talata, biyar na yamma, za a rufe karɓa.
Ni Nives, 'yar Egidio mai walda,
ina zaune a ɗakin girki, kofi ya huce,
iskar bora na bugun taga
kamar mai bin bashi.

Tambayar farko: me za ki duba?
Na rubuta: yankan huhu goma sha huɗu,
kowanne bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
daga asibiti, da yardar iyalai.
Ban rubuta cewa mutanen Monfalcone ne ba,
maƙeran jiragen ruwa,
waɗanda suka shaƙi ƙurar asbesto shekara talatin,
suna kakkaɓe ta daga kafaɗa
kafin su buɗe kwanon abinci.
Fom ɗin ba shi da gurbin wannan.

Ta biyu: me ya sa sai haskenmu?
Don madubin ɗakin bincikenmu ya yi iya yinsa.
Yana nuna mini zaren, tsaye kamar allura,
amma ba ya faɗa mini
yadda jiki ya ɗinka masa rigar ƙarfe,
ko rigar ce ke kare mutum, ko ita ke cin sa.

Can bisa tudun duwatsu, bayan Trieste,
akwai zobe mai faɗin unguwa.
Ƙwayoyin lantarki na tsere a ciki dare da rana,
duk kwanar da suka sha sai su zubar da haske,
siriri, ya fi gashi, ya fi rana.
Rijiya ɗaya ce, guga ɗari.
Mai batir daga Graz na jira,
mai tsohuwar tawada na jira,
da wani yaro mai lu'ulu'un gishiri
da ya yi wata takwas yana lallashinsa ya girma.
Ba na ƙin kowa a cikinsu.
To, wani lokacin ina ƙin mai batir.

Ta uku: awa nawa?
Ljubo ya ce, nemi saba'in da biyu,
in sun ji tausayi su ba ki rabi.
Bara sun amsa da layi uku:
manufa mai kyau, hanya ba ta fito ba.
Na sa takardar a ƙarƙashin tukunyar fure,
har yanzu tana tsotse ruwa.

Daga ɗaki tari ya taso,
sai ƙarar tayar tulun iska a kan dabe.
Baba ya tsaya a bayana, yana karatu da yatsa.
Wane ne lamba bakwai? in ji shi.
Na ce ban sani ba, an cire sunaye.
Ya ce, in Tullio ne, za ki gane,
taba ta riga asbesto shiga.
Ya yi dariya, dariyar ta karɓi kuɗinta,
na riƙe masa kujera har ya gama biya.

Da numfashi ya dawo ya ce,
in nawa ya zo hannunki
ki roƙa masa lokacin rana.
Na gaji da aikin dare.

Na goge kalmar gaggawa, kwamiti ba ya son ta.
Na rage zane, na matse jerin littattafai,
shafi biyu cif, babu wurin ajiye allura.
Biyar saura minti takwas na danna.

Amsa sai Disamba.
In an dace, haske sai bazara.
Na fara lissafin watanni da yatsu,
na tsaya a na huɗu,
na tashi na ɗora masa miya.